Hikima Tana Kira A Bakin Hanya

Karatu: Karin Magana 1:20-33

Yau za mu duba ayoyi 14 na ƙarshen sura ta fari ta Littafin Karin Magana. Idan akwai Littafi Mai Tsarki kusa da kai, ka buɗe ka karanta su da kanka tukuna, sa'an nan mu bi su tare. Akwai magana mai daɗi a cikinsu, akwai kuma magana mai nauyi wadda masu wa'azi da yawa sukan tsallake. Ba za mu tsallake ta ba.

Yawancin littafin nan daga bakin Sarki Sulemanu ya fito. A 1 Sarakuna 4:32 an gaya mana ya yi karin magana 3,000, kuma sura 25 ta nuna cewa mutanen Sarki Hezekiya sun ƙara kwafe waɗansu, fiye da shekara 200 bayan rasuwarsa. Daga sura 1 zuwa 9 uba ne yake yi wa ɗansa gargaɗi. Amma da muka kai aya 20 sai wata murya dabam ta shigo. Marubucin ya siffanta Hikima kamar mace, ta fito waje, ta ɗaga murya tana kiran masu wucewa.

Mece ce hikima? Mu nan mukan ce wane yana da hikima idan ya iya magana, ko ya iya kuɓuta daga rigima. A Ibrananci kalmar ita ce hokma, ainihinta kuwa gwaninta ce. A Fitowa 31 da kalmar nan aka kwatanta Bezalel, wanda ya iya aikin zinariya da azurfa da sassaƙar itace domin alfarwa ta sujada. Mutanen Sakkwato sun san irin wannan. Ka ba baduku fatar jan akuya, ya san inda zai sa wuƙa da inda ba zai sa ba, gama hannunsa ya saba da halin fata. Ka ba ni fatar nan, ko da na karanta littafi goma a kan dukanci, ɓata ta zan yi. To, hikimar da Sulemanu yake nufi ita ce gwanintar zaman duniya yadda Mahalicci ya tsara ta: yadda za ka riƙe bakinka, da kuɗinka, da matarka, da fushinka. Shi ya sa aya 7 ta kafa tushenta a kan tsoron Ubangiji. Mutum yana iya samun digiri uku ya rasa ta. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya samunta.

Sai mu lura da inda take tsaye. Da ni ne, da na ce a neme ta a Haikali, ko a ɗakin karatu na malamai. Amma ga ta a titi, da dandali, da mahaɗar hanyoyi inda hayaniya ta fi yawa, da ƙofar gari. A Isra'ila ƙofar gari ita ce kasuwa, ita ce kotu. A can Bo'aza ya tara dattawa goma ya daidaita maganar Rut. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, gama Sakkwato ma birni ne mai ganuwa a dā, har yau muna kiran Ƙofar Kware, da Ƙofar Marke, da Ƙofar Atiku, da Ƙofar Rini, ko da yake gari ya daɗe da wuce su. In da yau aka rubuta ayoyin nan a garinmu, ina tsammani a shataletalen Gawon Nama za a tsayar da ita. Ka tsaya can da safe ka gani. 'Yan kabu-kabu suna ta kai da kawowa, ma'aikata suna sauri, masu shayi da masu ƙosai suna ciniki, ga kuma masu jinya da kwanon abinci da tabarma sun nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Kowa da abin da ya dame shi, ba wanda ya fito domin jin wa'azi. A irin wannan wuri take kira.

Ma'anar wannan ita ce, ba wanda zai tsaya gaban Allah ya ce ba a gaya masa ba. Allah bai ɓoye gargaɗinsa a cikin wani asiri da sai an biya kuɗi a ji ba. Yana magana ta wurin Maganarsa ran Lahadi, haka ne. Yana kuma magana ta bakin mahaifiyarka da ta ce ka rabu da abokan nan, da likitan da ya ce ka bar giya, da lamirinka da ya hana ka barci bayan ka taɓa kuɗin da aka ba ka ajiya, har da makarar da aka wuce da ita ta gabanka kana cikin shan shayi.

Hikima ta kira mutum iri uku, ba kuwa ɗaya suke ba.

Na fari shi ne marar wayo. Kalmar Ibrananci, feti, tana da dangantaka da abin da yake a buɗe. Zuciyarsa kamar gida ce marar ƙyaure, kowace akuya sai ta shiga. Bai ƙudura mugunta ba, bai kuma ƙudura nagarta ba. Abokai suka ce ga maganin tari mai sa mutum ya manta da damuwa, ya sha. Suka ce ga caca a waya, naira ɗari tana zama dubu goma, ya sa kuɗin makaranta. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda ya lalata matasa, musamman a nan arewa, amma doka ba ta iya sa wa zuciya ƙyaure. Laifin marar wayo, in ji aya 22, shi ne yana ƙaunar zama haka. Rashin yanke shawara ya yi masa daɗi, domin yana ganin ba za a tambaye shi kome ba.

Na uku a jerin shi ne wawa, kesil. Wannan ba mai ƙarancin ƙwaƙwalwa ba ne, yana iya zama shugaban ofis. Ya gama sanin kome a ganinsa, saboda haka gyara ya zama masa abin ƙi. Ba sai na daɗe a kansa ba, kowane gida ya san nasa.

Na tsakiya shi ne mai ba'a, a kansa nake so mu daɗe kaɗan, gama shi ne ya fi nisa. Shi ya ji gargaɗin sarai, ya kuma gane, sa'an nan ya mai da shi abin dariya. Littafin Irmiya sura 36 ya ba mu hotonsa. A zamanin Yehoyakim sarkin Yahuza, wajen shekara 604 kafin haihuwar Almasihu, Allah ya sa Irmiya ya tattara dukan gargaɗin da ya yi na shekara 23, Baruk ya rubuta su a naɗaɗɗen littafi. Dalilin kuwa an faɗe shi a fili a aya 3: watakila mutanen Yahuza su ji, su juyo, a gafarta musu. Aka kai littafin fada. Wata na tara ne, lokacin sanyi, irin hunturun nan namu na Disamba, sarki yana zaune da kaskon wuta a gabansa. Wani bafade mai suna Yehudi ya fara karantawa. Duk sa'ad da ya karanta shafi uku ko huɗu, sai sarki ya sa wuƙa ya yanke wurin ya jefa a wuta, har littafin ya ƙare. Mutum uku daga cikin fadawa suka roƙe shi kada ya ƙone, bai kula ba. Ba a ce ya yi ihu ko ya yi zagi ba. A natse ya yi, yana jin ɗumi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan shi ne ko ɗan wane ne shi. Mahaifinsa shi ne Yosiya. Shekara 18 kafin wannan, aka tsinci Littafin Shari'a a Haikali aka karanta wa Yosiya, ya kyakketa tufafinsa, ya yi kuka, ya gyara ƙasar, kamar yadda 2 Sarakuna 22 da 23 suka nuna. Uban ya ji Magana ya yage rigarsa, ɗan ya ji Magana ya yage Maganar. Ku 'ya'yan dattawan ikkilisiya, da 'ya'yan masu bishara waɗanda iyayenku suka sha wuya saboda sunan Yesu, ku ji wannan da kyau: ba a gādon tuba kamar gona. Littafin da Yehoyakim ya ƙone kuwa, Irmiya ya sa aka sake rubuta shi, aka ƙara waɗansu maganganu a kai. A shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu sojojin Babila suka ƙone Urushalima.

To, me Hikima take nema daga mutum ukun nan? Abu ɗaya ne, yana a aya 23: su juyo. Kalmar Ibrananci ita ce shub, ta fito fiye da sau 1,000 a Tsohon Alkawari, ita ce kuma annabawa suke amfani da ita sa'ad da suke kiran Isra'ila ga tuba. Kalmarmu ta tuba ma, wadda Hausa ta aro daga Larabci, asalinta komowa ne. Wato maganar ƙafa ce kafin ta zama maganar hawaye. Direban da ya gane ya ɓata hanya, in ya iso shataletale sai ya zagaya ya kama hanyar da ya baro. Wannan shi ne tuba. Amma akwai wanda yakan shiga shataletale ya yi ta zagayawa, yana cewa kaito, na ɓata, kaito, na ɓata, sa'an nan ya fita ta hanyar da yake bi tun farko. Wannan nadama ce kawai. Muna da ita da yawa a ikkilisiya. Kowane taron farkawa mutum ya fito gaba ya durƙusa ya yi kuka, ran Litinin ya koma shago da mudun nan nasa da aka bubbuga gindinsa. Bulus ya raba su biyu a 2 Korantiyawa 7:10, baƙin ciki irin na Allah da baƙin ciki irin na duniya. Yahuza Iskariyoti ya yi baƙin ciki har ya mayar da azurfa talatin, amma bai koma wurin Yesu ba. Zakka na Yariko kuwa, a Luka 19, ba a ce ya zub da hawaye ko ɗaya ba. Ya tsaya ya yi lissafi: rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. A ranar Yesu ya shaida ceto ya shigo gidan.

Akwai alkawari a haɗe da kiran. Wanda ya juyo, Hikima za ta zubo masa ruhunta, ta sanar da shi maganarta. Ka lura da yadda aka jera su. Mu mukan ce, bari in gane tukuna, sa'an nan in tuba. A nan juyowa ce take gaba, ganewa tana biye.

Yanzu mun iso wurin mai nauyi, aya 24 zuwa 28. Hikima ta ce ta yi kira an ƙi, ta miƙa hannu ba a kula ba, saboda haka ranar da masifa ta auko kamar guguwa za ta yi dariya, za a neme ta ba za a same ta ba. Mutane sukan tambaya, yaya Allah mai ƙauna zai yi magana haka?

Bari mu ɗauki misali daga abin da ya faru a gabanmu. A watan Satumba na 2010, bayan ruwan sama mai yawa, madatsar ruwa ta Goronyo ta cika, gulbin Rima ya yi ambaliya. Garuruwa da gonaki a wajen Goronyo da Wurno da Kware suka nutse. Ruwa ya cinye gadar hanyar da ta haɗa gari da mazaunin Jami'ar Usmanu Danfodiyo, aka rufe makaranta, mutane suka koma haye ruwa da kwalekwale. Bayan shekara biyu, a 2012, ambaliya ta auka wa yawancin jihohin ƙasar nan, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 363 suka mutu, fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu. Kowace shekara hukumar kula da yanayi takan fitar da hasashen damina, a yi ta sanarwa a rediyo cewa na bakin gulbi su yi hattara. Ga abin da nake so ka gani. Sanarwar nan tana da amfani ne kafin ruwa ya zo. Ranar da ruwa ya kai ƙirji, ko an maimaita ta sau ɗari, kalmomin ba su sake ba, gaskiyarsu ba ta ragu ba, amma ba za su fitar da buhun gero ko ɗaya daga rumbu ba. Haka hikima take. Aikinta rigakafi ne. Shawarar da za ta hana aure mutuwa ba ta iya ta da shi bayan an watse. Masu aikin asibiti sun san maganar nan da sukan faɗa da baƙin ciki, da kun kawo shi da wuri. Dariyar Hikima ba ta mugunta ba ce. Marubucin yana juya wa mai ba'a ba'arsa ne: wanda ya yi wa gaskiya dariya, ranar tana zuwa da gaskiya za ta tabbata a kansa. Aya 31 ta fayyace, abin da mutum ya shuka da halinsa shi zai ci har ya ƙoshi. Ba a ce Allah ya aiko da tsawa daga sama ba. Hausawa ma sun ce wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Sai dai in yi sauri in toshe wata kafa. Kada wani ya ce, ashe waɗanda ruwa ya ci gidajensu masu zunubi ne. Yawancinsu talakawa ne da ba su da wata gona sai ta fadama, ba su da inda za su koma. An kawo wa Yesu irin wannan tunani a Luka 13. Ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa a kansu, ya ce sam ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba, sa'an nan ya juya maganar a kan masu tambayar, cewa su ne suke bukatar tuba. Masifar maƙwabcinka ba ta ba ka kujerar alƙali ba. Kira ce gare ka, kai da ka kwana a busasshen ɗaki.

Wani kuma zai ce, to, Fasto, ko akwai ranar da mai tuba na gaskiya zai zo Allah ya kore shi? Babu, muddin yana numfashi. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ya juyo a sa'arsa ta ƙarshe, aka karɓe shi. Amma akwai abu biyu da jinkiri yake ci. Na ɗaya, gafara ba ta kan kwashe sakamako duka ba. Dawuda ya tuba a gaban Natan, aka gafarta masa nan take, duk da haka yaron ya mutu, takobi kuma bai rabu da gidansa ba, kamar yadda 2 Sama'ila 12 ta nuna. Allah yana gafarta wa mashayi, hantarsa kuwa ba lalle ta dawo ba. Na biyu ya fi wannan muni. Zuciya tana yin kanta kamar tafin hannun manomi. Duk kiran da ka ji ka ƙi, na gaba ba zai yi maka zafi kamar na baya ba. Filikus gwamna ya ji Bulus a Kaisariya yana magana a kan adalci da kamunkai da shari'a mai zuwa, ya tsorata, ya ce Bulus ya tafi tukuna sai ya sami zarafi. Ayyukan Manzanni 24 ta ce ya yi ta kiransa suna taɗi har shekara biyu, yana sa zuciya a ba shi toshiya. Ba a ƙara cewa ya tsorata ba. Masu dogara ga ɓarawon nan na kan gicciye su tuna cewa su biyu ne a wurin, ɗayan da ba'a a bakinsa ya mutu.

Mu da muke bayan gicciye mun san muryar nan fiye da yadda Sulemanu ya san ta. A 1 Korantiyawa 1:24 Bulus ya kira Almasihu hikimar Allah. Shi ma a waje ya yi kira, a bakin teku, da kan hanya, da wurin karɓar haraji. A Yahaya 7:37, ran ƙarshe ta idi, ya miƙe a tsakiyar taro ya ɗaga murya yana kiran masu ƙishi. Da ya hango Urushalima wadda ta ƙi shi, kuka ya yi mata. Hannun da aka miƙa aka ƙi a Karin Magana, shi ne aka kafa wa ƙusa, guguwar da ta cancanci wawaye kuma a kansa ta sauka. Saboda haka wanda ya juyo yau, wurin Mai Ceto yake juyowa, wanda ya riga ya biya bashin.

'Yan'uwa, mu masu bi a garin nan ba mu da yawa, mun kuwa iya lissafin abin da aka yi mana. Waɗansu abubuwan gaskiya ne, masu zafi ne, Allah ya san su. Amma akwai haɗari ga jama'ar da take ganin kanta abar tausayi kullum: takan ɗauka kowane kiran tuba na waɗansu ne. Bitrus ya rubuta wa masu shan tsanani, duk da haka ya ce musu daga gidan Allah shari'a take farawa. Kuɗin adashin zumuntar mata da aka ci aka yi shiru, kira ne. Zaɓen dattawa da ake yi bisa ga kabila, wannan namu ne, wancan ba namu ba ne, kira ne. Layar da take ƙarƙashin matashin kai, Littafi Mai Tsarki kuwa a bisa, kira ne. Miji da mata da suke zama a benci ɗaya ran Lahadi, wata uku ba su gaisa a gida ba, kira ne. Ɗan'uwana, 'yar'uwata, tun da na fara magana akwai abu ɗaya da yake ta zuwa zuciyarka, ka san shi, ba sai na ambata ba. Idan kuɗi ne, ka rubuta adadin da sunan mai shi a daren nan, in ba ka iya biya duka ba ka je da abin da kake da shi ku yi magana. Idan gaba ce, kai ka fara sallama. Idan abu ne da ya fi ƙarfinka, kamar ƙwaya ko giya, ka nemi fastonka ko wani dattijo mai riƙon asiri kafin Lahadi, ka faɗa masa da bakinka, ku yi addu'a, ya kuma raka ka wurin likita in da bukata.

Aya 33 ta yi wa mai kasa kunne alkawarin zama lafiya, ba tare da fargabar masifa ba. Ba a ce ba zai yi ciwo ba, ko ruwa ba zai taɓa gonarsa ba. Irmiya ya saurara, ya kuwa kwana a rijiya mai laka. Abin da aka cire masa shi ne fargabar mai ɓoye-ɓoye, wadda takan sa gaban mutum ya faɗi duk sa'ad da aka ƙwanƙwasa ƙofa ko waya ta yi ƙara.

A mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu shiga sura 2, inda uban ya koya wa ɗansa yadda ake haƙar hikima kamar azurfa. Ku karanta aya 1 zuwa 11 kafin lokacin. Ku huta lafiya.